Madarar Talata da Alhamis

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau Uwar Hanji, likitar da nake aiki a ƙarƙashinta, ta yi dariya. Na rubuta ne don kar gobe in ce mafarki na yi. Shekara huɗu ke nan ina ɗibar jini a sashenta na bincike, ban taɓa ganin haƙoranta na ƙasa ba sai yau, da Dogo, mai gwada mana jini, ya hauro daga ɗakin gwaji da takarda a hannu yana haki.

Ta karanta a tsaye. Ta sake karantawa a zaune. Sannan ta ce, “Dogo, ka tabbata?” Ya ce sau biyu ya maimaita. Shi ne ta yi dariyar, 'yar gajeruwa, ta rufe baki da bayan hannu.

Wata goma sha huɗu muna wannan aiki. Mutum sittin masu ɗauke da HIV, dukkansu suna shan magani yadda ya kamata, ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ba ta ganinta a jininsu. Talatin sun murmure, sojojin jikinsu sun dawo. Talatin kuwa shiru, magani ba fashi, amma sojojin sun ƙi ƙaruwa, ga gajiya kullum. Ita tun tuni take cewa a duba hanji. Takardar Dogo ta nuna abin da ke yoyowa daga hanji zuwa jini ya ninka kusan sau uku a jikin talatin na biyun.

Jinin talatin ɗin nan kaf ni na ɗebe shi, da hannun nan nawa. Ba yabon kai ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Baban yara ya tambaye ni wai Likita ba ta jin haushin sunan nan? Na ce ita ma da shi take amsa waya in ta ga lambar cikin gida ce. Mu muka laƙaba mata, saboda duk wanda ya zauna gabanta, ko ciwon kunne ya kawo shi, sai ta tambaye shi sau nawa ya zagaya jiya, kuma yaya abin ya fito. Fuskarta ba ta canzawa. Manyan mutane da furfurarsu sai ka ji suna zayyana mata dalla-dalla, su fito suna murmushi.

'Yar ƙaramar mace, takalmi ɗaya tun da na santa. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ba ta kuma taɓa yaba mini ba sai sau ɗaya, ranar da na samu jijiya a hannun wata baiwar Allah bayan mutum uku sun gaza. Ta leƙo ta ce, “Sista, hannunki yana gani.” Shi ke nan, ta wuce. Wallahi na yi mako guda ina jin daɗin maganar nan.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar mutanena. Talata da Alhamis nawa ne, su ne talatin ɗin da ba su murmure ba, an ba ni su ne don jijiyoyinsu wuyar samu gare su. Litinin da Laraba na Mai Gilashi ne, ɗayar nas ɗin, ita ke ɗibar masu ƙarfin.

Direba ya riga kowa isowa kamar kullum. Tsohon direban babbar mota, ya ajiye tuƙi amma bai ajiye surutu ba. Ya rage murya ya ce, “Sista, yau ma akwai?” Akwai mana. Filas ɗina yana ƙarƙashin tebur, bayan kwalin safar hannu. Madara mai kauri, rabin kofi, ba sukari, da dafaffen ƙwai ɗai-ɗai.

Doka dai ita ce su zo ba su ci komai ba. Suna isowa bakwai, amma kafin a yi rajista, a auna nauyi, su ga likita, Dogo ya kunna injinsa, sai goma da rabi ko sha ɗaya allura ke shiga. A watan farko ɗaya daga cikinsu, Mai Ɗinki, ta sulale daga kujera a gabana, goshinta ya bugi ƙafar tebur. Daga ranar na ce ba dai a ɗakina ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen masu ciwon sukari, na san abin da ke ɗaga sukari, na san abin da ba ya ɗagawa. Cikin kwalabe huɗun da muke cikawa akwai 'yar ƙarama ta gwajin sukari, ai don ita aka kafa dokar. Maiƙo ba ruwansa da ita. Sai in ba su da zarar sun iso, a fom kuma in sa alamar ba su ci ba. Ban ga dalilin damun Likita da zancen ƙwai ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Taron ma'aikata. Shugaban asibiti ya zo da kansa, ya ce Likita ta yi bayani yadda ko mai gadi zai gane. Ta ce mai gadi ya riga shi ganewa, tun bara ta yi masa. Ni dai na sunkuyar da kai don kar a ga bakina.

Da matankaɗin kicin ta zo, a jakarta. Ta ɗaga shi ta ce bangon hanji ke nan. Siriri ne ƙwarai, amma shi ne tsakaninmu da tarin bakteriyar da ke zaune a cikinmu. Abinci ya wuce, su su tsaya. Ta ce mafi yawan sojojin jiki a bayan bangon nan suke gadi, kuma HIV da ta shiga, tun makonnin farko, kafin mutum ya san yana da ita, can take fara ɓarna. Ta kashe masu gadin, bangon ya saki. Sai ta sa fensir ta ɓula matankaɗin, a gaban Shugaba.

Daga nan, in ji ta, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa zubowa cikin jini. Jiki ya ga baƙo, ya tashi faɗa. Magani ya zo ya kwantar da HIV, amma ɓular tana nan, don haka faɗan ba ya ƙarewa. Shekara da shekaru jiki a tsaye, ba hutu. Ga gajiya, ga zuciya da hanta suna tsufa tun lokacinsu bai yi ba.

Ta ce wannan duk an sani, ba ita ta gano ba, kar wani ya tafa mata a kan aikin wasu. Abin da take nema shi ne ko wannan yoyon ne ya hana mutanenmu murmurewa. In shi ne, sai a shiga neman abin da zai liƙe bangon.

Na tuna Mai Ɗinki tana cewa barci take yi amma kamar ba ta yi ba. Ashe gaskiya take faɗi tsantsa. Shekara ashirin matar nan tana kallon wurin da kowa ke kau da kai.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Dogo ya ce ranar ashirin da takwas ga wata ake rufe karɓar takardu na babban taron masana. In ta Likita ta shiga, za a ƙara mata shekara biyu ta gwada maganin liƙe bangon. In ba ta shiga ba, ƙarshen Yuni ta yi ritaya, a rufe sashen. Saura kwana goma sha ɗaya. Na ce masa ta shiga ta gama.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ban san ta ina zan fara ba.

Da rana muna ɗakin hutu, Dogo ya buɗe kwanonsa, soyayyen abu mai yana ɗiga. Likita ta shigo neman ruwan zafi, ta kalli kwanon ta ce, “Dogo, in na ɗebi jininka nan da awa uku, sai in sa ka cikin 'yan Talata.” Ya yi dariya. Mai Gilashi ta ce ban gane ba. Ta ce maiƙo in zai tsallaka bangon hanji, yakan ɗauko ɓurɓushin nan ya shigo da shi jini, ko a jikin mai lafiya. Awa biyu, awa uku bayan ci, sai ka ga ya hau. “Shi ya sa muke barin bayin Allah da yunwa,” in ji ta. Ta cika kofinta ta fita.

Awa uku. Bakwai da rabi nake ba su, goma da rabi nake ɗiba.

Na zauna da cokali a hannu, ban san lokacin da kowa ya watse ba. Ni da kaina na zaɓi maiƙo, da sanina da komai, har ina jin kaina gwana. Kuma 'yan Talata da Alhamis kaɗai. Na Mai Gilashi ko ruwa ba ta ba su.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ban zo da filas ba. Direba ba ranarsa ba ce, amma wasu uku sun leƙa ƙarƙashin tebur. Na ce na makara.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na gaya wa Baban yara da safe, yana tsakar gida ya kwantar da firjin wani yana kwance masa ciki. Bai ɗago ba har na gama. Sannan ya ce wa ya sani? Na ce ni da mutum talatin. Ya ce su za su faɗa? Na ce ko kusa, sun san ɓoye nake yi musu. Ya ce, “To ai ba matsala.” Ya ci gaba da kwance ƙusarsa.

Can ya ajiye sufana ya ce, “Maman yara, ke da in gishiri ya yi yawa a miya sai kin yi sanarwa kafin a ɗanɗana, wannan ne za ki haɗiye?” Na ce ba shawara na nema ba. Ya ce ya sani.

Ga yadda nake ta juya abin. In na yi shiru, takardarta ta shiga, ta samu shekara biyunta, kuma wataƙila ma gaskiyarta ce, yoyon yana nan da madara ko ba madara. In na yi magana, da bakina na kashe mata aikin shekara ashirin, kwana shida kafin ranar. Sai kuma wata zuciyar ta ce, shekara biyun nan fa a jikin su Mai Ɗinki za a yi gwajin, a kan lissafin da ƙwan da na dafa ya kumbura.

Gaskiyar da ba na son rubutawa: ba ita nake ji wa tsoro ba. Kallon da za ta yi mini nake tsoro.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na je ƙofar ofishinta sau biyu. Na farko tana waya. Na biyu ba ta komai, ni ce na wuce kamar banɗaki za ni.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na faɗa.

Filas ɗin na ɗauka, babu komai a ciki, na shiga na dire mata a tebur a kan takardunta, don na san in ba abu a gabanmu bakina zai kauce. Na faɗi komai a tsaye. Muryata kamar ba tawa ba.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Sannan ta jawo takarda. Madara wace iri? Mai kauri. Nawa? Rabin kofi. Ƙarfe nawa? Tun yaushe? Kowa da kowa? Na ce ban da mutum huɗu, uku madara da ƙwai suna ɓata musu ciki, ɗaya kuma ya ce doka doka ce. Ta ce lambobinsu. Na ba ta da ka. Ta buɗe takardar Dogo ta bi layi da fensir, ni ma ina gani daga inda nake. Su huɗun nan su ne a can ƙasa, yoyonsu ya fi na kowa ƙanƙanta.

Ta ce, “Zauna, Sista.”

Ta tambaye ni ƙarfe nawa Mai Ɗinki ta faɗi ranar nan. Na ce sha ɗaya saura. Na ce na rubuta a littafin rahoto. Ta ce, “Na gani. Har hannu na sa. Na karanta ta suma, ban tambayi me ya sumar da ita ba.”

Har na fara samun numfashi. Sai ta ɗago ta kalle ni sosai ta ce, “Madarar na gane ta. Alamar da kika riƙa sawa a fom ce ban gane ba.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce to, je ki, mutane suna jiranki, kuma yau a fara da allura.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Dogo ya yi ta fama da ita tun jiya, ina jin su ta bango. Ya ce a aika hakanan, a sa ɗan bayani a ƙasa cewa wasu sun ci abinci, in ya so a gyara daga baya. Ya ce wasu suna aika abin da bai kai wannan ba. Kamar zai yi kuka, shi ma wata goma sha huɗunsa ne. Ta ce takardar da ta san ba gaskiya ba ce, ƙaramin rubutu a ƙasa ba zai wanke ta ba. Bai yi mini magana ba yau. Ban ga laifinsa ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An rufe. Ba a aika ba.

Litinin, 3 ga Maris

Ofishin Shugaba, mu biyu. Na ɗauka ko za ta rufa mini asiri, ko kuma ta jefa ni gaba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ya ce laifin wa? Ta ce abu uku ne, a rubuta duka. Sista ta ba su abinci ta kuma sa alamar ƙarya. Ni na tsara aikin da ya bar marasa ƙarfi da yunwa har sha ɗaya. Ni kuma na kafa doka ban taɓa gaya wa masu riƙe da allura dalilinta ba. Ya ce na farkon ya isa. Ta ce in na farko kaɗai zai rubuta, ba za ta sa hannu ba.

An ba ni takardar gargaɗi, ta farko a shekara goma sha tara. Na cancanta. Ita ma ta sa an saka tata a fayil, abin da Shugaba ya ce bai taɓa gani ba.

Da muka fito na miƙa mata fom na neman canjin sashe, ina so in koma wurin masu sukari. Ba zan iya haɗa ido da ita kullum ba. Ta karɓa ta ninke ta ce, “Za a sake ɗibar mutum sittin. Wa zai samo mini jijiyar Mai Ɗinki? In an gama zan sa miki hannu.”

Alhamis, 6 ga Maris

Likita ta tara mutum sittin ɗin duka a ɗakin jira. Ni kusurwa na samu na maƙale. Ta ce musu mun yi kuskure, jinin da kuka ba mu wata goma sha huɗu ba zai amsa tambayar ba, muna roƙon ku sake ba mu, wanda ya gaji kuma ba a ga laifinsa ba, maganinsa ba zai taɓu ba. Ta yi musu bayanin maiƙo. Ba ta ambaci sunana ba, amma duk 'yan Talata da Alhamis ni suke kallo.

Direba ya ɗaga hannu. Na ce yau na shiga uku da bakin nan nasa.

Ya ce shi dai yana da magana ɗaya. Shekararsa tara da wannan ciwo. A gidan ƙaninsa kofinsa daban ne, an ɗaura masa zare a hannu don kar a ruɗe. Ya ce kofin da Sista ke ba su, shi ne wanda take shan nata shayin, ya gani da idonsa. “In wannan ne ya ɓata muku lissafi, Likita, ku yi haƙuri, mu mun sha. Jini kuma ku ɗiba, akwai saura.”

Ni ban taɓa tunanin kofin ba. Shi kaɗai gare ni a ɗakin, shi ke nan.

Likita ta ce daga yanzu allura ƙarfe bakwai, kafin rajista, kafin komai, karin kumallo kuma bakwai da rabi, a nan, tare. Mutum hamsin da bakwai suka amince.

Talata, 11 ga Maris

An fara. An gauraya su yanzu, ba 'yan Talata ba 'yan Litinin, kuma ni da Mai Gilashi ba mu san wa ke wane rukuni a kwalabe ba, lamba ce kawai. Dogo yana kunna inji tun shida da rabi, yana gunaguni amma yana kunnawa.

Uwar Hanji ta riga mu duka. Na same ta tana jera kofuna, goma sha biyu iri ɗaya, daga gidanta. Bayan allura ta zauna a benci tsakanin Direba da Mai Ɗinki, ta ɗauki kofi ba ta duba wanne ba ne. Tana sha tana tambayarsa sau nawa ya zagaya jiya. Ya ce, “Likita, muna cin abinci fa.” Ta ce ai shi ya sa ta tuna.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ƙarshe ya ba da jini yau. Ba wanda ya suma, ko ɗaya. Ashe abin da ake bukata ke nan tun farko, a matso da agogo. Dogo ya gaishe ni da safe, a daƙile, amma ya gaishe ni.

Talata, 15 ga Afrilu

Sakamako ya fito. Wannan karon Dogo a hankali ya hauro.

Bambancin yana nan, amma ɗan kaɗan. Ba sau uku ba, ko rabin ninki bai kai ba. Ta ce da mutum hamsin da bakwai ba za a iya rantsuwa a kansa ba, sai an samu ɗari biyu ko fiye. Ta ce ƙarami ne, amma wannan na jininsu ne. Za ta rubuta shi yadda yake, da labarin madarar a ciki, don kar wani sashe a wani wuri ya maimaita. Shugaba ya aiko: ba ƙarin shekara biyu. Ƙarshen Yuni.

Na jira in ga ko fuskarta za ta motsa. Ta tambayi Dogo ko firjin ajiya zai riƙe kwalaben shekara biyar, ko wani zai zo daga baya ya bukace su.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Da la'asar na fito zan kama hanya, na ga motarta a inda take ajiyewa, ƙarƙashin bishiya. Tana ciki. Ta kifa goshi a sitiyari, hannayenta biyu a cinya. Na tsaya bayan motar ɗaukar marasa lafiya, na kasa gaba na kasa baya. Ya fi minti goma. Sannan ta ɗago, ta goge fuska da gefen riga, ta gyara madubi, ta tayar.

Duk watannin nan ina cewa ita ba ta jin abu irin namu, shi ya sa ta iya. Ashe tana ji. Tana ji ta yi.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ta kira ni ta miƙo mini fom ɗina, ta sa hannu, har da tambari. Ta ce alkawari ne. Ta ce masu sukari sun yi sa'a. Sai in kai ofishin ma'aikata, in fara can ranar Litinin.

Na ce na gode. Ta ce akwai ɗiba ɗaya da ta rage kafin Yuni, don a bar wa na baya cikakken lissafi, amma Mai Gilashi za ta iya.

Talata, 22 ga Afrilu

Ofishin ma'aikata yana bene na uku, gwiwata kuma kwana biyun nan ba ta so. Sai wani makon.

Tun da ina nan ɗin, na jera kwalabe. A sabon fom na ga an ce a juya kwalba ta biyu sau takwas a hankali, kar a girgiza. Shekara huɗu ina juya ta sau takwas. Yau na ɗauki fom ɗin na je na ƙwanƙwasa mata, na ce, “Likita, don me takwas?”

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ture takardar da take rubutawa gefe, ta jawo kujera kusa da tata.

Mun yi minti arba'in. Saura mako goma, kuma fom ɗin shafi shida ne, yau layi ɗaya muka yi.